Zanen Babana a Rigar Amurka

Autana ne ya shigo da rigar, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Irin rigunan nan ne na samarin yanzu, mai faɗi kamar buhu, mai hula a ƙeya, baƙa wuluk, an buga mata zane da fenti ruwan zinariya a ƙirji. Ya tsaya a tsakar falonmu na unguwar Aziziyya a Jidda yana juyawa, ya ce, "Shuf ya Baba, duba, ta Amurka ce asli, ba ta Sin ba." Na ɗago kai daga littafin da ke hannuna don in sa masa albarka, sai idona ya faɗa kan zanen. Aska takwas ce a jere, kowace a tsaye cak kamar soja, ga tambari a gefe, ga dagi a ƙasa, kuma a wutsiyar dagin akwai ɗigo uku. Na san zanen nan. Ni na zana shi da hannuna, da rula da kamfas, a littafin makaranta mai layi, tun ban san uwar yaron ba.

Lungun da aka haife ni a unguwar Hindawiyya ba da ido na fara saninsa ba, da kunne ne. Da an idar da sallar asuba za ka ji kukan jakin mai ruwa, da jiniyar jirgi daga can tashar teku, da tafin mai gasa tamis yana manna gurasa a jikin tanderu. In hantsi ya fito sai lungun ya ɗauki muryarsa ta gaskiya: kekunan ɗinki suna ta surutu kamar tsofaffi, almakashi yana cin yadi, daga ƙarshen lungu kuma Kawu, ƙanin mahaifiyata, yana bugun shadda da guduma a kan kututture, dum, dum, dum, har ruwan shayi ya riƙa rawa a cikin finjali. Shago ɗaya ne kawai ba ya ƙara, shi ne na Baba, mahaifina. Shi aikin hannu yake yi wa manyan riguna, zane da surfani, allura kuwa ba ta da murya. Aikina da safe in sayo wake da tamis, in share zaren da ya zube, in zura masa allurai goma in soke su a jikin matashi, sannan in ɗauki jakata in tafi makaranta. Bara na koma lungun. Inda Kawu ke bugu a da, yanzu ana sayar da wayoyi, ba abin da kake ji sai gurnanin na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga ruwa a kan masu wucewa. Na tambayi wani saurayi da Hausa ko akwai sauran mai aikin hannu a nan. Ya fahimce ni sarai, amma da Larabci ya ba ni amsa, ya ce mafi, babu.

Kakana ne ya zo da sana'ar daga ƙasar Hausa, da ƙafa, shekaru yana tafe yana tsayawa, yana ɗinki a garuruwan hanya yana samun guzuri. Su bakwai suka taso, huɗu suka iso bakin teku. Matarsa ta fari da 'ya'yanta biyu suna kwance a wani wuri tsakanin Chadi da Sudan, a kaburburan da ba wanda zai iya nunawa. Su ne ɗigo ukun da yake sakawa a wutsiyar dagi a duk rigar da ta fita daga hannunsa, kuma Baba ya ci gaba da sakawa. Masu saye ba su sani ba, ado suke gani. Kakana bai zo da takarda ko ɗaya ba. Zanen yana kansa, daga kansa ya shiga hannun Baba. Ƙa'idar gidanmu ke nan: ba a sa zane a takarda. Baba yakan shimfiɗa shadda a kan tabarma, ya tsoma alƙalamin kara a tawada, ya ja kai tsaye a jikin yadin, ba gwaji ba gogewa. Yakan ce, "Takarda ba ta da kunya, duk wanda ya ɗauke ta shi ne ubangidanta." Idan kuma ɗa ya isa a ba shi sana'a, uba zai sayi shadda fara, ya kama hannun ɗan da alƙalamin a ciki, su ja zanen tare daga askar farko har ɗigo na uku. Daga ranar ɗan ya zama mai zane, rigar kuma tasa ce har mutuwa. Baba ya riga ya sayi tawa shaddar, Inna ta adana ta a ƙasan akwatinta. Ya ce sai na gama karatu. Ba abin da nake so a duniya kamar ranar nan, amma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, wannan," yake cewa. Ba ni da yawan magana. Idan baƙo ya shigo shago kaina a ƙasa yake har ya fita, kuma samarin lungu sun daina kirana ƙwallo tun da daɗewa. Abin da nake da shi shi ne tsabtar rubutu da son kowane abu ya zauna daidai. Kawu ya sa mini suna Ustaz Rula. "Ustaz Rula, zo ka auna mini hancina, matata ta ce ya karkace." Sai lungu ya kwashe da dariya, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

Wannan halin ne ya kai ni. Ina kusa da shekara ashirin na fara kwafar zanen Baba a ɓoye, a wani littafi mai baƙin bango. Idan ya tafi masallaci sai in tsuguna gaban rigar da ya shimfiɗa, in auna, in rubuta. Da na fara aunawa sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Zanen Baba a karkace yake. Askokin, wato dogayen tsinin nan da ke sauka daga wuya zuwa aljihu, duk sun jingina hagu, kuma ba su kai juna tsawo ba. Tambarin da ya kamata ya zama da'ira ya fi kama da ƙwai. Na ji tausayinsa. Na ce a raina bawan Allah bai yi makaranta ba, ba shi da kayan awo. Sai na ɗauki rula na miƙe kowace aska, na sa kamfas na zagaye tambari, na daidaita dagi har ɓangarorinsa suka zama kamar an raba da madubi. Wata huɗu na yi ina wannan aiki. Niyyata ranar da zai kama hannuna in fito da littafin in ce, ga shi, Baba, na gyara mana.

A shekarar, bayan an sauko daga Arfa kuma alhazai sun cika Jidda suna jiran jirgi, wani mutum ya ɓato hanya ya shigo lungunmu. Dogo ne, baƙi kamar mu, da furfura kaɗan a gemu, amma tafiyarsa ba tamu ba ce. Aka yi masa Hausa bai ji ba, aka yi masa Larabci sai salamu alaikum da alhamdu lillahi. Kawu ya ɗaga murya, "Ku kira Ustaz Rula, yau za mu ga ko Turancin makaranta na ci ne ko na ado." Haka aka turo ni gaba. Mutumin ya ce daga Amurka yake, bai daɗe da musulunta ba, aikin Hajji ya zo. Ya tsaya a bakin shagon Baba yana kallon wata riga da aka rataye, ya daɗe, sai muka ga hawaye. Ya ce an kamo kakanninsa daga ƙasar baƙaƙe an sayar, ba su bar masa suna ba, ba su bar masa harshe ba, ba su bar masa ko hula ba. Ya ce yana da shagon tufafi a unguwar baƙaƙe a garinsu, kuma samarinsu sun gaji da sa kwat ɗin waɗanda suka bautar da su, suna neman abin da za su sa a jiki su ce wannan namu ne. Na juya maganar da Hausa ina tuntuɓe. Har Kawu ya ajiye guduma.

Baba ya ce, "Baƙonka annabinka, balle baƙon Allah. Shimfiɗa masa." Kwana uku Alhajin yana zuwa, yana cin tuwo da miyar kuka da hannu yana zufa, Kawu yana tsokanarsa wai ya bar wandon nan nasa mai tauri kamar fatar raƙumi ya sa buje ya sha iska. A rana ta biyu Baba ya sauke rigar nan da baƙon ya yi wa kuka, aikin wata uku, ya sa masa a wuya, ya ƙi karɓar komai. A nan ne Alhajin ya roƙi Baba ya zana masa zanen a takarda, ya kai wa masu ɗinkinsa. Baba ya yi murmushi ya ce, "Gaya masa riga tawa ce, na ba shi. Zane kuwa amana ce, ba ni da ikon bayarwa." Ni kuma na ji nauyin in faɗa wa baƙo a'a ƙiri-ƙiri. Na ce masa Baba ya ce ba shi da shi a rubuce.

A rana ta uku Baba ya tafi jana'iza unguwar Mahjar, aka bar ni da baƙo. Yana ta yaba Turancina, yana tambayar abin da nake karantawa, abin da ba wanda ya taɓa tambayata a lungun nan. Ban san lokacin da na jawo littafin daga jaka ba. Ya buɗe shafi ɗaya, biyu, ya dube ni kamar ya ga wani babban malami. Ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Ya ce, "Ɗan'uwana, za ka ba ni?" A gidanmu an koya mini idan baƙo ya yaba abu ana ba shi. An kuma koya mini ba a sa zane a takarda. Ƙa'idar farko ce ta fi sauƙi ga mai kunya, domin ba ta buƙatar ka buɗe baki. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya rungume ni, ya bar mini wandon jins sabo, wanda na ɓoye a ƙasan katifa ban taɓa sawa ba.

Daga baya na karanta abin da na samu game da tufafin mutanen can, don in gane inda littafina ya faɗa. Abin da na fahimta shi ne adonsu daga ƙasa yake hawa sama. Wandon leburori da makiyaya ne ya zama na 'yan gayu. Abin da yaran unguwannin talakawa suka sa bana, shi manyan kantuna za su rataye baɗi da tsada. A shekarun nan kuma baƙaƙensu sun juyo da fuska wajenmu, suna barin gashi ya tashi, suna sa riguna masu aiki a wuya da huluna irin namu, don su tuna wa kansu cewa ba daga jirgin bayi tarihinsu ya fara ba. Ban ga laifinsu ba, kuma har yau ban ga laifin Alhajin ba. Mai ƙishirwa ne ya roƙi ruwa. Sai dai can idan abu ya karɓu ba ya zama a hannun wanda ya kawo shi. Inji ne ke karɓa, ya haifi dubu, wani injin a wata ƙasa ya kwafi na farko, har a manta da wanda ya yi kuka a bakin shago, balle wanda ya ja layin.

Shekara uku ban ji komai ba, har na fara cewa asiri ya rufu. Sai alhazan Amurka suka fara sauka da gajerun riguna masu aikin inji, na ga askokina a ƙirjinsu, na riƙa sauya hanya. Saura wata biyu in gama karatu, Inna har ta fito da shaddar ta shanya don ta sha iska, wani saurayi haifaffen Jidda, ɗan wani dillali, ya shigo shago da irin rigar a leda. Ya jefa ta a kan tabarma ya ce wa Baba, "Ya ammi, irin wannan nake so a babbar rigar angwancina. Aikin Amurka, dubi yadda ya miƙe. Naku na nan duk a karkace yake, wallahi kamar mai zanen yana jin barci."

Baba ya shimfiɗa rigar ya shafa ta da tafin hannu. Ya bi askokin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sauka kan dagi, ya tsaya a wutsiya. Na ga yatsan ya taɓa ɗigo na farko, na biyu, na uku. Ya ce wa saurayin, "Tayyib, to, bar ta, ka dawo gobe." Kawu da ya leƙo zai yi barkwanci ya dubi fuskar Baba, ya ja da baya.

"Kai, wannan. Tashi tsaye."

Na tashi. Ya ɗauko wata riga da ya gama, ya zura mini, ya tattara hannun hagu ya aza mini a kafaɗa yadda manya ke yi, ya tattara na dama. Ya juya ni wajen madubin da ke jingine a bango. Askokin nan da na sani a jingine sun miƙe tsaf. Nauyin yadin da ke kan kafaɗa ya ja su, kowace ta sauka daidai da 'yar'uwarta. Ƙwan nan kuma, da ya hau tudun ƙirjina, ya zama da'ira cikakkiya. Ya cire ta, ya ce in sa ta Amurka. Na sa. A jikina askokin suka karkace dama, tambarin ya baje kamar an taka shi.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima," in ji shi. "Kai tebur ka zana wa. Ni mutum nake zana wa." Sannan ya ce, a hankali har sai da na matsa, "Uwar yayyena ce da 'ya'yanta ka ba wa inji."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Da yamma na ji yana ce wa Inna ta mayar da shaddar akwati. Ta ce, "Malam, yaro ne, kuskure ne." Ya ce, "Na sani. Mayar."

Na gama karatu na zama akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, inda ake son mai tsabtar rubutu da ba ya magana. Saurayin nan ya kai aikinsa wajen masu inji, wasu suka bi shi, domin inji yana gama a yini abin da Baba ke yi a wata uku, kuma ido ya riga ya saba da miƙaƙƙe. Har waɗanda suka zo daga gida Najeriya suka fara cewa a yi musu irin na waje. Baba bai taɓa jan miƙaƙƙen layi don ya sayar ba. Masu zuwa suka ragu suka koma tsofaffi, tsofaffin suka riƙa mutuwa ko a kama su ba iƙama, wato takardar zama, a mayar da su gida. Ina zuwa kowace Juma'a in zura masa allurai goma kamar da, ya karɓa ya ce Allah ya yi albarka. Ba mu sake ta da maganar ba, shekara goma sha wani abu. Sau da yawa na shirya kalmomin neman gafara a hanya, in na iso sai in gaishe shi kawai. Bai kama hannun kowa ba, ko na ƙannena.

Sai da idonsa ya rufe da yana, hannunsa ya fara rawa har Inna ke ba shi shayi a baki, wata safiya ya ce, "Ina shaddar wannan?" Aka fito da ita, ta yi ja-ja a wuraren ninki. Aka shimfiɗa. Kawu, wanda shi ma ya tsufa ya daina bugu, ya jiƙa tawada. Baba ya ce, "Kawo hannunka." Na tsuguna, ina da 'ya'ya uku a lokacin. Ya dafa hannuna da nasa, ƙashi da fata, muka aza alƙalami a bakin wuya, muka ja. Layin ya sauka yana jingina hagu, yana kaɗawa, ya yi kamar taƙi ɗaya. Sai hannunsa ya saki. Ya lalubi yadin da yatsa, bai ga abin da ya ja ba. Ya ce, "Halas, shi ke nan. Na makara." Bai ƙara wata biyu a duniya ba.

Shaddar tana nan a akwatina da layi ɗaya a jikinta. Na sha fito da ita in zauna in dube ta. Ban san nawa ne daga karkatar layin nan ilimin kakana ba, nawa ne kuma rawar hannun tsoho. Ba wanda ya rage da zan tambaya. Rigunan Baba sun bi masu su ƙasashe, sun tsufa, sun yage. Na gwada jan zanen da ka, hannuna bai san komai ba sai miƙaƙƙe. Zanen da ya rayu, wanda ya ƙetare teku ya dawo, ake bugawa da fenti a rigunan samari, shi ne nawa, na kuskure.

Autana yana tsaye yana jiran in yaba. Ya ga inda idona ya tsaya, ya duba ƙirjinsa ya ce, "Ɗigon nan? Alamar kamfanin ce, ya Baba."

Na ce, "Matso." Ya matso. Na kama kafaɗar rigar na ja ta hagu kaɗan, na sake ja, ina neman askokin su zauna. Suka ƙi.

"Baba, lafiya? Haka ake sa ta."

Na sake shi. Na ce, "Na sani. Yalla, je ka ci abinci."